Umarar da Aka Yi wa Malam Tanimu, Mutumin da Ba a Haifa Ba

Daga:
Alhaji Datti Sambo Kusfa,
Hawa na biyu, gidan da ke bayan gidan burodi,
Ka'akiyya, Makkatul Mukarrama.

18 ga Sha'aban, 1446 (Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025)

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Raya Harshen Gida ta Mazauna Makka,
Alhaji Abdulwadud Marwan,
Ofishin Ƙungiya, Jarwal.

Ta hannun: Sakataren Kwamitin Ilimi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA MAIƊAKINA DAGA AJIN ASABAR, DA KUMA MATSAYIN "MARIGAYI" MALAM TANIMU TUDUN MARKE

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Shugaba da iyalinsa da sauran 'yan kwamiti kuna lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a rubuce. Na gabatar da shi da baki har sau uku a ofis, kuma a duk ukun an ba ni shayi an ce in yi haƙuri.

Ni tsohon akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Zariya, shekarata saba'in da bakwai. Na zo aikin Hajji da iyalina a 1991, Allah bai nufe mu da komawa ba. Na yi jagorancin alhazai a Mina, na yi rajistar baƙi a wani masauki a Jarwal har idona ya gaza. Shugaba ya san ni sarai, domin shekara goma sha biyu ke nan ni nake rubuta masa jawabin Sallah, yana karantawa ana tafawa, ban taɓa neman a ambace ni ba. Na faɗi wannan ne kawai don a san ba yau na fara ganin maganata a bakin wani ba, kuma ba ta taɓa hana ni barci ba.

Ina rubuta takardar nan ne a madadin maiɗakina, Hajiya, wadda yaran ajin Asabar ke kira Sitti, yadda 'ya'yan Makka ke kiran kaka. Tun da Ƙungiya ta buɗe ajin a Ka'akiyya don koya wa yaranmu haifaffun nan Hausa, ita ce ke ba su labari, kyauta, ba ta taɓa fashi ba. Ba ita ta sa ni rubutun nan ba. Hasali ma ta hana ni.

ASALIN MAGANA

A shekarar 1976 akwai wata ƙaramar maɗaba'a a Zariya mai suna Kurciya, wadda ta rufe tun 1987. Editanta ya fito da jerin littattafan yara da ya kira Yaran Layin Dogo, labaran wata yarinya Talatu da yayanta Bawa, 'ya'yan mai ɗaga wa jirgi tuta a wata ƙaramar tasha, da irin abubuwan da suke tonowa. Tsarinsa shi ne littafi ya fito duk wata uku, kuma suna ɗaya ne zai hau kowane bango, don a cewarsa yaro ba ya son a riƙa canza masa mai ba shi labari. Sai ya ƙirƙiri suna: Malam Tanimu.

Littafi talatin da biyu aka buga, mutum huɗu suka rubuta su. Editan ya rubuta ukun farko, ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. Mista Yohanna, akawun tashar jirgi, mutumin Kafanchan kuma dattijo a cocinsu na Sabon Gari, ya rubuta takwas. Hajiya ta rubuta goma sha bakwai. Sauran huɗun zan zo kansu a sakin layi na huɗu.

Lokacin Hajiya tana da shekara ashirin da biyu, tana koyarwa a firamare. Editan ya ji labarinta ne saboda 'yan ajinta ba sa yarda su tashi ran Alhamis sai ta ƙarasa musu labari, iyaye har sun kai ƙara wurin hedimasta. Takan yi rubutun ne bayan sallar asuba, kafin ta hura wuta, ta kifa tire a cinya ta ɗora littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Tarihin marubuci da ke bayan kowane littafi ma ita ta rubuta shi, a lokacin tara, ƙarƙashin wani marke da ke kan tudu a harabar makarantar. Daga nan sunan garinsa, Tudun Marke, ya samo asali. Ita ta ba Malam Tanimu haddar Alƙur'ani yana ɗan shekara tara, ta sa shi ya bi layin dogo a ƙafa daga Kano zuwa Nguru, ta kuma ba shi ɗingishi a ƙafar hagu, don ta ce mutum ba ya yin kama da gaske sai da ɗan ciwo.

Hoton dattijon da ke bayan bango kuwa na Isuhu ne, mai gadin maɗaba'ar, Buzu mutumin Tawa. Editan ya ara masa tabarau da babbar riga. Isuhu bai iya karatun boko ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Ranar Asabar, 5 ga Oktoba, 2024, Malam Uzair, ɗalibin duktura, wato digirin digirgir, da kwamiti ya naɗa mai kula da ajin, ya kawo littattafan nan duka talatin da biyu, an sake buga su da injin kwafi. Ya kawo hoton Isuhu an faɗaɗa shi ya kai girman taga, ya rataye a bango, ya sa wa ɗakin suna Ɗakin Karatu na Malam Tanimu. Ba na ƙorafi a kan wannan. Na kawo shi ne don a san Hajiya ta yi shiru. Shekara talatin da uku rabonta da ganin littattafan. An ce ta daɗe tsaye gaban hoton, sannan ta ce a hankali, "Allah Ya jiƙan Isuhu." Ba wanda ya tambaye ta wane ne Isuhu. Ranar ta dawo gida da littafi na tara, ɗaya daga cikin nata, a jaka, ta zauna a bakin gado tana shafa shi, abincin rana bai samu ba sai bayan La'asar. Mako biyar tana karanta wa yara littattafanta da sunan wani, tana cewa "Malam ya ce," ba ta taɓa tuntuɓe ba.

2. Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, ana karanta littafi na goma sha ɗaya, inda ƙararrawar tasha ta faɗa rijiya Bawa ya shiga ya ɗauko. Wata yarinya mai suna Manar ta ɗaga hannu ta ce, "Sitti, Bawa ne ya shiga rijiya, to don me Talatu ce zanenta ya jiƙe, ita ce kuma take atishawa?"

Shekara arba'in da shida littafin nan yana hannun mutane, ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya. Hajiya ta ce daɗi ne ya kama ta har ta manta kanta. Ta gaya wa yarinyar gaskiya: Talatu ce ta shiga rijiyar, edita ya ce bai dace 'ya mace ta shiga rijiya ba, ya soke sunanta ya sa na Bawa, ya manta bai gyara shafi na gaba ba.

Malam Uzair yana bayan aji. Ya taso, cikin ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, ya ce, "Hajiya, don Allah kada mu sa wa Malam baki a littafinsa." Sannan ya bayyana wa yara cewa wannan atishawa tana daga cikin manyan hikimomin Malam Tanimu, wai yana nuna cewa ɗan'uwa na gari, in ɗan'uwansa ya jiƙe shi ne zai yi mura. Ya ce ya ware wa atishawar shafi shida a wata maƙala da ya rubuta. Hajiya ta ce, "To, Malam, Allah Ya ƙara sani." Ta ci gaba da karatu.

3. Ranar Juma'a, 13 ga Disamba, bayan La'asar, Ƙungiya ta shirya lacca a kan rayuwar Malam Tanimu, Shugaba da kansa ya buɗe taro. Ina so a rubuta cewa jawabin wannan rana ba ni na rubuta shi ba, kuma da yawa sun ji bambanci. A ciki aka yaba wa Malam Tanimu da cewa mutum ne da bai taɓa ɗora sunansa a kan wahalar wani ba.

Malam Uzair ya yi magana awa ɗaya da kwata. Ya tabbatar mana, ta hanyar nazarin salo, cewa hannu ɗaya ne ya rubuta littattafan duka, kuma hannun namiji ne, dattijo, wanda ya sha gwagwarmaya. Ya ce yadda Malam ya san sassan kan jirgi hujja ce ta tafiyarsa zuwa Nguru, alhali Mista Yohanna ne, wanda shekara ashirin yana kallon jirgi ta tagar ofis. Ya kawo wani darasi na haƙuri a littafi na goma sha huɗu ya ce ba mai iya rubuta shi sai wanda ya daɗe a gaban malaman zaure. Na Mista Yohanna ne shi ma. Ya nuna hoton ya ce mu dubi yadda idanun Malam suka ƙanƙance saboda yawan karatu. Ranka ya daɗe, tabarau ɗin ba nasa ba ne, ba ya ganin komai ta cikinsa.

Adalci ya sa in ƙara da cewa da Malam Uzair ya zo kan littafi na tara, ya yi magana daga zuciyarsa. Ya ce a ƙauyensu da wannan littafi ya koyi karatu, wani tsohon kwafi marar bango da ya tsinta a akwatin babansa, kuma ba don shi ba da yanzu yana bin shanu. Ya cire tabarau ya goge ido. Na leƙa ɓangaren mata, na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

4. A wannan lacca dai, Malam Uzair ya kira littafi na ashirin zuwa na ashirin da uku "shekarar duhu." Ya ce a nan alƙalamin Malam ya mutu, labari ya zama kamar sanarwar hukuma, yara suna magana kamar masu karanta doka. Ya ce babu shakka a wannan shekara ce matar Malam ta rasu, baƙin ciki ya taɓa masa tunani. Jama'a suka yi ta cewa Allah sarki.

Ranka ya daɗe, ni na rubuta waɗannan huɗun.

A 1981 Hajiya ta haihu da ƙyar, ta yi wata tara ba ta iya zama ta riƙe alƙalami. Maɗaba'a ba ta jira, ni kuma na ga aikin ba wani abu ba ne, tun da ina ganin ana yin sa a kan tire. Na rubuta Yaran Layin Dogo Sun Ziyarci Sakatariya, da Bawa Ya Koyi Cike Fom, da wasu biyu a kan tsabtar muhalli. Ban ce sun kai nata ba. Amma kowanne yana da gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, babu kuskuren rubutu ko ɗaya, kuma babu inda wani ya jiƙe wani ya yi atishawa. Hankalina kuma ƙalau yake a lokacin. Matar da aka ce ta rasu tana zaune a layi na uku, na ga kafaɗunta suna rawa, kuma a wannan karon na san ba kuka take yi ba.

5. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, na faɗi duk abin da na rubuta a sama. Malam Uzair ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, magana ce babba. Mene ne dalili, ina hujja?"

Na ce dalili shi ne ina wurin.

Ya ce ilimi ba ya karɓar "ina wurin," sai abin da ke rubuce. Ya ɗaga littafi, ya juya bayansa, ya karanta mini tarihin Malam Tanimu daga farko har ƙarshe, da hadda da Nguru da ɗingishi. Wato an ƙaryata ni a bainar jama'a da ƙaryar da matata ta tsara a lokacin tara.

Na ce babu wani gari Tudun Marke. Ya ce akwai har uku, kuma ya je dukansu a hutun bara. A na ukun ya sami wani tsoho da ya ce Malam Tanimu kawunsa ne, har ya nuna masa kabari. Ban ce tsohon ya yi ƙarya ba. Babu ƙauyen da ba shi da Tanimun da ya mutu, kuma in baƙo ya zo daga Makka da tsaraba yana neman kabari, ba za a bar shi ya koma haka ba.

Na ce a buɗe kowane shafi cikin goma sha bakwai ɗin nan a ja wa Hajiya baƙi, za ta ƙarasa. Ya ce hakan zai nuna ƙaunarta ga Malam ne, kuma abin a yaba mata ne. Daga nan wani daga cikin 'yan kwamiti, wanda ba zan ambaci sunansa ba duk da cewa ni na cike masa takardun iƙamarsa ta farko, wato izinin zama a ƙasar nan, ya ce a kawo wa Baba Datti ruwa, zafi ya yi yawa. A watan Disamba.

6. Ranar Laraba, 8 ga Janairu, 2025, daidai da 8 ga Rajab, Malam Uzair ya ɗaura harami ya yi Umara a madadin marigayi Malam Tanimu, da amincewar kwamiti, aka sanar a dandalin Ƙungiya na waya, mutane suka yi ta aiko da addu'a. Aka kuma kafa barrada, wato na'urar sanyaya ruwan sha, a ƙofar masallacin unguwarmu, da allo mai ɗauke da sunansa.

Ba na wasa da ibada, kuma ban yi shakkar niyyar Malam Uzair ba. Amma ina neman kwamiti ya fayyace mini wa aka yi wa wannan Umara. In editan ne, littafi uku kawai ya rubuta, kuma shi ya fitar da Talatu daga rijiya. In Mista Yohanna ne, mutumin kirki ne da bai taɓa cin amanar kowa ba, amma da an tambaye shi da ya ce a bar masa hanyarsa. In mai hoton ne, sunansa Isuhu, ba a ambace shi a niyya ba. In kuwa ni da Hajiya ne, muna raye, da ƙafafunmu, motar haya ɗaya ce tsakaninmu da Harami, kuma mun yi tamu Umarar a watan da ya gabaci Rajab ɗin.

Na kai wa wani malami wannan tambaya. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya nutsu ya ce Allah Ya san wanda aka nufa. Na ce ni ma na san Allah Ya sani. Kwamiti ne bai sani ba.

Hajiya takan tsaya ta sha ruwan barradar in za ta wuce. Ta ce da sanyi.

7. Wannan shi ne babban ƙorafina, sauran duk rakiya suka yi masa. Ranar Lahadi, 19 ga Janairu, aka kawo mana takarda daga Kwamitin Ilimi, ba lamba, ba hatimi, an dakatar da Hajiya daga ajin Asabar "saboda la'akari da shekarunta, da kuma ruɗanin da wasu maganganu ke jefa yara a ciki game da magabata."

Ranka ya daɗe, ni na yi magana a taro, ba ita ba. Ita abin da ta yi shi ne, bayan yaran sun ƙare littafi na talatin da biyu sun ce sai a ci gaba, ta fara ba su na talatin da uku da ka, wanda ta tsara tun 1984 maɗaba'a ba ta kai ga bugawa ba. Malam Uzair ya kai rahoto cewa ana ƙaga wa Malam labari. Ya ce ya saurara da kyau, an yi ƙoƙari, amma duk wanda ya san salon Malam Tanimu zai gane ba hannunsa ba ne.

Asabar huɗu ke nan. Kowace Asabar takan tashi ta goge mayafinta, ta zuba alewa a jaka, sai ta kai ga takalmi sannan ta tuna. Ta koma ta zauna kusa da taga da jakar a cinya har a kira Azahar. Mu da muka bar gida da dangi, 'ya'yanmu biyu suna Jidda ba sa zuwa sai Sallah, jikokinmu in mun yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, wannan awa biyu ta Asabar ita ce ta rage mata da ake zama a gabanta a saurari harshenta ana neman ƙari.

Ina kuma sanar da kwamiti cewa an dakatar da ita ne a daidai inda Talatu ta shiga taragon kaya tana bin sawun ɓarayin gyaɗa, aka rufe ƙofa ta waje, jirgi ya tashi. Iyaye mata biyar sun kira waya. Mahaifiyar Manar ta ce 'yarta ta rantse ba za ta ƙara yin Hausa a gida ba sai an fito da Talatu. Yau mako huɗu ke nan yarinyar nan tana kulle a tarago, bisa umarnin Ƙungiyar Raya Harshen Gida.

8. Malam Uzair ya nemi dalili a rubuce, kuma yana da gaskiya. Ya kamata in bayyana abin da ya sa babu.

A 1976 editan ya zo zaurena da takardar yarjejeniya. Ya ce ko da yake sunan Malam Tanimu ne zai hau bango, yana iya sawa a ciki, da ƙananan baƙaƙe, "tare da taimakon Malama wance." Ni na ƙi. Na ce sunan matata ba zai kwanta a teburin masu sayar da littafi a bakin tasha ba, kowane ɗan kamasho yana karantawa. Na karɓi takardar na sa hannu a gurbinta. Tana bayan ƙofa tana ji, ta aiko mana da fura.

Littattafan rubutunta na hannu kuwa, guda goma sha bakwai, suna cikin wani akwatin ƙarfe. Da za mu taho Hajji ta ce mu taho da su. Na ce tafiyar kwana arba'in ce, ba za mu ɗauki nauyin banza ba. Da bakina na ce nauyin banza. Muka bar akwatin a ɗakin ajiyar ƙanena, rufin ya yi yoyo a daminar 1994, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Wasiƙar da ta kawo labarin na ɓoye ta shekara biyu. Ranar da na gaya mata, tana tsintar shinkafa, ta ce, "Ai na sani, matar ƙanenka ta aiko mini tun a lokacin." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Saboda haka in kwamiti yana neman wanda za a tuhuma da samuwar Malam Tanimu, edita ne ya raɗa masa suna, amma ni na raine shi.

MATSAYIN HAJIYA

Wajibi ne in rubuta shi, ko da yake bai yi daidai da nawa ba. Da na gaya mata zan kai ƙara, ta ce, "Alhaji, ka bar wa Malam Tanimu sunansa. Mu muna da 'ya'ya, muna da juna. Shi ba shi da komai sai suna." Game da Malam Uzair kuma ta ce kada in kuskura in ɓata masa karatu, wai ɗanta ne, ita ta koya masa karatu bai sani ba. Abu ɗaya ta ce tana so, a bar ta ta koma aji.

ABIN DA NAKE ROƘO

(a) A janye takardar 19 ga Janairu, Hajiya ta koma aji ranar Asabar mai zuwa, 22 ga Fabrairu, domin ita ce ta ƙarshe kafin a rufe don azumi. In kwamiti ba zai karɓe ta a matsayin marubuciya ba, ya karɓe ta a matsayin tsohuwa mai ba da labari, yadda take tun farko.

(b) A bar hoton a inda yake, amma a rubuta sunan Isuhu a ƙasa, yara su riƙa yi masa addu'a. Shi yakan riƙe wa Hajiya goyo a bakin ƙofa in ta shiga kai rubutu. Barradar ma a bar ta, mutane na sha.

(c) Kada a ɗauki wani mataki a kan Malam Uzair. A umarce shi dai ya zo gidana da littafin rubutu, ya ci abinci, ya yi wa Hajiya duk tambayar da ya tafi Tudun Marke uku yana nema.

(d) A cire kalmar "taɓin tunani" daga duk wata maƙala da ta shafi littafi na ashirin zuwa na ashirin da uku. Sauran hukuncin na karɓa.

(e) Na ƙarshe ba da yawun Hajiya nake roƙonsa ba, kuma za ta yi fushi. Ranar da ta koma, ina roƙon Shugaba da kansa ya tsaya gaban yaran ya faɗi sunan wadda ta rubuta musu littafi goma sha bakwai. Ba sai an yi jawabi ba, ba kuma sai na rubuta masa komai ba, ban da wannan:

ASMA'U, 'YAR MALAM ƊALHATU NA UNGUWAR JUMA, ZARIYA.

Na duba, a shekara hamsin da ɗaya da muka yi tare, in ban da katin asibiti da takardar fasfo, yau ce rana ta farko da na rubuta wannan suna da hannuna don wasu su karanta. Ina roƙon a faɗe shi a hankali, a kuma maimaita, domin yaran Hausarsu ba ta nuna ba tukuna.

Ina neman afuwar Shugaba bisa tsawon takardar nan, da duk inda harshena ya zarce. Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, Ya kai mu Ramadan da rai da imani.

Naka mai biyayya a kullum,

(sa hannu)
Alhaji Datti Sambo Kusfa,
Mamba mai lamba 14.

Kwafi zuwa ga:
Malam Uzair, mai kula da ajin Asabar.